Shekara uku da rabi a kan wata tsohuwar Fijo mai rufin tamfol

Mahaifina ya shafe fiye da shekara ashirin yana jan Fijo tsakanin Agege da Kano, don haka tun ban shiga makarantar boko ba nake iya bambance kukan 504 da na kowace mota da ta shigo layinmu. Tasa doguwa ce mai layi uku na kujeru, irin wadda ake yi wa lodi da asuba ta kama hanyar Badun, ta bi ta Ilori da Jabba da Mokwa, ta ratsa dajin Birnin Gwari, sannan ta faɗa Kaduna da Zariya. A wancan zamani duk wanda ya ce mota a Nijeriya kusan Fijo yake nufi, domin tun 1975 ake harhaɗa ta a Kakuri cikin Kaduna, kuma ita gwamnati take ba manyan ma'aikatanta, ita ce ta haya, ita ce ta ɗaukar amarya. Na taso da yaƙinin cewa na san duk 'ya'yan gidan nan, na san salun, na san doguwa, na san a-kori-kura. Sai da na haura shekara arba'in a duniya sannan na ga wadda ban taɓa sanin an haifa ba.

A daminar 2021 ne. Sana'ata sayar da kayan gini ce, kuma wasu magada suka kira ni wani tsohon gida a Yaba domin in lissafa musu abin da gyaransa zai ci. Ina zagayawa ta bayan gidan sai na hangi wata mota a ƙarƙashin rumfar kwano da ta faɗi, tayoyinta huɗu sun nutse cikin ƙasa, ruɓaɓɓen ganyen mangwaro ya cika cikinta har ya fara zama taki. A gabanta akwai zakin Fijo, amma ƙofa biyu gare ta, ta fi salun gajarta, ta kuma fi ta kwanciya a ƙasa. Fitilun gabanta huɗu ne a rarrabe, na bayan kuwa uku-uku ne a karkace kamar tsagen fuska. Ba ta da rufin ƙarfe, abin da ya rage a samanta sandunan ƙarfe ne masu naɗewa da tsummokaran tamfol. Babban magadan ya ce mahaifinsu ne ya shigo da ita ta jirgin ruwa lokacin da ya gama karatu a Faransa, ya daina hawanta tun ƙarshen shekarun 1990, kuma suna shirin kiran 'yan gwangwan su yanka ta su auna a sikeli. A nan take na roƙe shi ya dakata mini mako guda.

Cikin wannan mako na bi diddiginta. Ita ce 504 Cabriolet, wadda aka fara nunawa a bajekolin motoci na Geneva a watan Maris na 1969, watanni kaɗan bayan fitowar salun a 1968. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, ya kuma ƙera gangar jikinta a kusa da birnin Turin, yayin da injin da giya da ƙafafunta suka kasance na Peugeot, wato kamfanin Fijo, na garin Sochaux a Faransa. An rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 19, kuma babu ƙofa ko bonet ko murfin but nata da zai zauna a jikin salun. Daga 1969 zuwa 1983 da aka daina yin ta, dubu takwas da 'yan kai kawai aka ƙera, alhali 504 a dunƙule ta haura miliyan uku. Ba a taɓa harhaɗa irinta a Kaduna ba. Wadda na gani ƙirar 1972 ce, mai silinda huɗu da injin lita biyu da giya huɗu, sitiyarinta a hagu, abin da ya dace da ƙasarmu tun da a watan Afrilun wannan shekarar ce Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Abin da na fahimta, wanda kuma shi ya jagoranci aikin gaba ɗaya, shi ne rabin motar nan 'yar gida ce da kowane tsohon bakanike ya sani, rabinta kuwa baƙuwa ce da ba wanda ya taɓa taɓawa.

Ban biya kuɗi ba sai da muka zauna da dukkan magadan, aka nemo tsohuwar takardar kwastan da ta rajista a cikin akwatin marigayin, aka gwada lambar da ke rubuce da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, aka rubuta yarjejeniyar ciniki kowa ya sa hannu gaban shaidu. Ina ba duk mai sha'awar irin wannan aiki shawara kada ya tsallake wannan mataki, domin mutum zai iya zuba dukiyarsa shekaru a kan mota, ranar da ta yi kyau kuma wani magajin da ba a tuntuɓa ba ya fito da haƙƙinsa, kuma gaskiya ce da shi. Washegari janwe ya ɗauko ta zuwa Agege, yara suna bin ta a baya suna tambayar ko hatsari ne ya cire mata kai.

Garejin da na kai ta na wani dattijo ne mutumin Zariya, aminin mahaifina, wanda ya koyi aiki a Kaduna lokacin da Fijo take tashe, kuma duk unguwa Baba muke ce masa. Ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya ɗauko sukudireba ya durƙusa ya soka a dokin ƙofar direba, sai ƙarfen ya shige kamar an soka a dafaffen rogo. Ya ɗago ya dube ni ya ce, «Ɗana, injin ba ya ba ni tsoro, na kwance irinsa ya fi a ƙirga. Nan ne aikinka yake.» A lokacin ban gane nauyin maganarsa ba, domin hankalina yana kan fenti da kujeru da ranar da zan ratsa unguwa da ita.

Bayanin da ya yi mini daga baya shi ne mafi muhimmancin abin da na koya. Ƙaramar mota irin wannan ba ta da shasi daban kamar babbar mota, gangar jikin ita ce ƙashin bayanta. A salun, rufin ƙarfe da ginshiƙansa suna ɗaure gaba da baya kamar yadda azara take riƙe ɗaki. Idan aka cire rufin, duk wannan nauyi ya koma kan daɓen motar da dokin ƙofa biyu na dama da hagu, shi ya sa masu ƙira suke ƙara musu ƙarfe a ciki. To, su ne kuma wuraren da Legas ta fi ci. Iskar da take tasowa daga teku tana ɗauke da gishiri, danshi ba ya barin gari ko da rani, tamfol ya yage ruwan sama yana sauka kai tsaye a kan daɓe, ƙananan hudojin da aka yi domin ruwa ya tsiyaye sun toshe da ganye da laka, saboda haka tsatsa ta fara daga ciki ta fito waje. Alamar da Baba ya nuna mini ita ce ƙofofin: tazarar da ke saman kowace ƙofa ta tsuke har tana gogar jiki, wato motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya.

Mai gyaran bodi da Baba ya kawo Bayarabe ne da ya zauna Sabon Garin Kano shekaru, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Da farko ya ba ni shawarar da ake ba kowa a bakin titi, cewa a bar kaza cikin gashinta, a liƙa faci a kan wuraren da suka huje, a shafe da fila, wato ƙullin da ake cike ramukan jikin mota da shi, a fesa fenti. Ban zarge shi ba, domin abin da masu mota suke nema ke nan, kuma abin da aljihunsu zai iya ke nan. Amma da muka bi jikin motar da maganaɗisu, sai muka ga wurare da yawa ba ya kamawa, alamar wani ya riga ya yi mata wannan aikin shekaru da suka wuce. Da aka kankare, sai ga fila mai kaurin yatsa a bayan tayar baya, ƙarƙashinta kuma babu komai sai tsatsa da guntun ragar sauro da aka cusa domin ta riƙe. Kyan ɗan maciji ke nan. Daga ranar muka yi yarjejeniya cewa duk inda ya ruɓe za a yanke shi har sai an kai ga ƙarfe mai rai, kuma zan biya shi kuɗin kwanakin da aikin ya ci, ba kuɗin jimla ba, domin kada gaggawa ta shiga tsakaninmu.

Kafin a yanka ko'ina, sai da aka ɗora motar a kan turaku daidai wa daida, aka auna da ma'aunin ruwa irin na magina, aka ɗaga tsakiyarta a hankali har tazarar ƙofofin ta dawo daidai, sannan aka yi waldar sandunan ƙarfe a gicciye cikin kowace ƙofa da kuma daga dama zuwa hagu. Wanda ya yanke dokin ƙofar buɗaɗɗiyar mota ba tare da wannan tokari ba, motar za ta zauna a karkace, kuma ƙofarta ba za ta sake rufuwa da kyau ba har abada. An yi gefe ɗaya an gama kafin a taɓa ɗayan. Tun da babu inda ake sayar da waɗannan sassa a ƙasar nan, da kwali ya riƙa fitar da siffar kowane yanki, ya zana a kan farantin ƙarfe, ya yanka, ya lanƙwasa a kan guntun dogo da kututturen itace, yana bugu yana gwadawa. Na taɓa zama wuni guda ina kallonsa yana fitar da kwanar da ke bayan tayar baya, ya jefar da biyu, ta ukun ce ta zauna. Waldar gas da ya saba da ita tana zafafa siririn ƙarfe har ya yi tudu da kwari, don haka na yi hayar injin walda mai waya da iskar gas ta kariya, yana ɗigawa ɗigo-ɗigo yana barin wurin ya huce. Wannan aiki kaɗai ya ci wata goma sha ɗaya, kuma idan ka ga motar a yau babu ko ɗaya daga cikinsa da ido yake gani.

Injin kuwa, kamar yadda Baba ya faɗa, bai ba mu wahala ba. Yana kwance ne a karkace kamar na kowace 504, gindinsa na baƙin ƙarfe, kansa na alminiyam, kuma ramukan silindarsa irin waɗanda ake zarewa ne a sa sababbi, ba sai an kai an rarake ba. Ruwa ya shiga silinda biyu ya kama fistin, amma kiranshaf lafiya lau. A kasuwar Ladipo da ke Mushin muka sami ringi da meta da gasket, wasu ma a tsohon kwalinsu, a shagon wani ɗan kasuwa Ibo da ya gaji kayan Fijo daga maigidansa, ya kuma yi mamakin har yanzu akwai mai tambaya. Baba bai sa ko ɗaya ba sai da ya auna shi ya gwada da wanda aka cire. Lagireto aka kai aka sake masa ciki, aka wanke tankin mai, aka sauya dukkan bututan birki, domin man birki yana shan danshi ya ci ƙarfe ta ciki, kuma wannan motar birkin faifai gare ta a ƙafa huɗu.

Inda muka yi doguwar muhawara shi ne abin da yake ba injin mai. Fijon da muka sani kafireto gare ta. Wannan kuwa famfo ne na Jamus mai suna Kugelfischer, irin wanda aka sa wa wasu Fijo 404 da kuma BMW 2002 tii, kuma babu kwamfuta ko ɗaya a cikinsa, duk aikin ƙarfe ne. Bel mai haƙora yake juya shi. A cikinsa akwai ƙananan fistin huɗu, kowanne yana tura fetur ta siririn bututun ƙarfe zuwa nozul ɗin silindarsa, yawan man da zai tura kuwa wani dunƙulen ƙarfe ne da aka sassaƙa da tudu da gangare yake ƙayyade shi, gwargwadon yadda direba ya taka totur da kuma yadda injin yake gudu. Akwai kuma wani ɗan abu mai kakin zuma a ciki da ruwan lagireto yake ɗumamawa, shi yake ƙara mai idan injin yana da sanyi, ya rage idan ya yi zafi. Fetur ɗin da ya kwana shekara ashirin a ciki ya zama danƙo ya kame komai.

Baba ya ce a cire shi a ajiye, a ɗora kan injin Kaduna da kafireto, cikin mako guda mota ta tashi, kuma ko a ƙauye ta tsaya za a sami mai gyara. Maganarsa tana da hujja, kuma ina girmama ta, domin da irin wannan dabara ce Fijo ta rayu shekara arba'in a hanyoyinmu, da ita ce kuma mahaifina ya ciyar da mu. Amma na ce masa, «Baba, a gafarce ni, motar haya dole ta fita gobe da safe, wannan kuwa ba ta da fasinja da yake jira. Idan muka cire abin da ya bambanta ta, to mun gyara wata mota ce daban muka sa mata rigarta.» Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai ba zai buɗe abin da bai sani ba, amma ya san wanda zai iya. Ya haɗa ni da wani mai gyaran famfon dizal na tireloli a wajen Ijora, mutumin da ya saba da aikin da ƙwayar yashi ɗaya take ɓatawa. Shi ma bai taɓa ganin na fetur ba, sai dai ya ce mahaifinsu ɗaya da na dizal.

Littafin gyaran da na samo ta intanet da Faransanci yake, mu kuwa babu mai ji a cikinmu. Allah ya haɗa ni da wani malamin makaranta mutumin Maraɗi da muke salla a masallaci ɗaya, ya riƙa zuwa ranar Asabar yana karanta mana shafi-shafi yana mayarwa Hausa, mai famfo yana saurare yana gyaɗa kai, inda kalma ta gagara a koma kan zane. An jiƙa famfon makonni kafin fistin ɗinsa su saki, ba a buga komai da guduma ba. Aka gwada nozul huɗu a kan injin gwaji, biyu suna feshi kamar hazo, biyu suna ɗiga, aka wanke su har suka daidaita. Abin da littafin ya fi nanatawa shi ne tsawon sandar da ta haɗa famfon da maƙogwaron iska, domin idan ta kuskure ko da kaɗan ne, mai da iska ba za su taɓa jituwa ba, kuma mutum zai yi ta murɗa wasu sukurori yana ƙara ɓata lamarin. Bel ɗin da wasu robobi daga Faransa na yi odarsu, kuma a daidai lokacin ne aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, abin da nake saya da Yuro ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda. Na dakatar da aikin wata uku saboda kuɗin makarantar yara ya fi shi haƙƙi a kaina.

A kan fenti na yi kuskuren da ya fi kowanne tsada, kuma gaggawata ce ta jawo shi. Na ƙwallafa rai motar ta yi kyan gani kafin Babbar Sallar 2023, wadda ta faɗo a ƙarshen Yuni, tsakiyar ruwan Legas. Wani mai fenti ya tabbatar mini zai iya, ya fesa a rumfar da iska take ratsawa, da kwamfaresar da ba a tace ruwan cikinta ba. Ranar da ya gama tana sheƙi, bayan wata biyu kuwa sai ƙananan ƙuraje suka feso a kan bonet da murfin but, danshin da aka rufe a ƙarƙashi yana neman hanyar fita. Dole aka kankare komai har ƙarfe. A karo na biyu na jira hunturun Janairun 2024, lokacin da iskar arewa take busar da gari na 'yan makonni, aka fara da share fage mai hana tsatsa, aka yi feshin a rufaffen ɗakin gasa fenti saboda ƙura. Launin asali a ƙarƙashin dashbod muka same shi, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, ja ne mai duhu kamar ruwan zoɓo, aka yanko ɗan ƙarfen aka kai aka haɗa daidai da shi. Bayan ya bushe aka fesa kakin hana tsatsa cikin dokin ƙofa da duk wani kogo, aka kuma tabbatar hudojin tsiyayar ruwa a buɗe suke.

Rufin shi ne abin da mutane suka fi tambaya. Sandunansa da hannu ake naɗe su, kuma duk gaɓoɓinsu sun ci tsatsa, sai da aka kwance su ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki hoton kowace kafin a cire, aka miƙe biyu da suka lanƙwashe. Mai ɗinkin kujerun da ya karɓi aikin Bakano ne daga zuriyar dukawa, ya ce tamfol irin na tirela ba zai yi ba, domin yana da tauri, zai karye a wurin naɗi cikin damina ɗaya. Abin da ake bukata yadi ne mai hawa uku, zare a waje, roba a tsakiya, zare a ciki, wanda ba ya shan ruwa, shi ma daga waje aka kawo. Ya farke tsohon tsumman ɗinki bayan ɗinki ya shimfiɗa a ƙasa ya fitar da zubi, ya fara gwadawa da yadin banza sau biyu kafin ya sa almakashi a mai tsadar. Da tsakar rana ya ɗaura shi, lokacin da zafi ya sa yadin ya saki, domin idan ya huce ya ɗame kamar fatar kalangu. Taga ta baya roba ce mai haske, kuma ya gargaɗe ni kada in taɓa naɗe rufin yana jiƙe, kada kuma in bar robar ta karye biyu.

A wuri ɗaya ne na kauce wa yadda na sami motar, kuma ina faɗa a fili. Kujerunta baƙar roba ce mai kama da fata, wadda idan rana ta dake ta minti goma ba mai iya zama. Na sa aka yi su da fatar gaske ruwan ƙasa-ƙasa, jimar Kano, amma an bi layin ɗinkin asali ɗaya bayan ɗaya, kuma tsohuwar rigar tana nan a ajiye cikin buhu domin duk wanda motar za ta koma hannunsa bayana. Wayoyin lantarki kuwa riwaya ya sauya su kaf, saboda ɓeraye sun riga mu.

Ta fara tashi ne wata ranar Laraba da la'asar a watan Oktoban 2024. Mai famfo ya zo daga Ijora, malamin Maraɗi yana riƙe da littafi, Baba ya sa hannu a kan totur. Sau uku tana tari tana mutuwa kafin iskar da ke cikin bututan ta fita, a na huɗu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe garejin, sannan ya washe, ƙarar ta kwanta. Baba ya tsaya ya saurara ya fi minti biyar, sannan ya juya ga mai famfo ya miƙa masa hannu biyu.

Legas ba garin buɗaɗɗiyar mota ba ne a yawancin sa'o'inta, kuma ban ɓoye wa kaina wannan ba. A cunkoson rana, hayaƙin danfo da na tirela a fuskar mutum yake sauka, idan kuma ruwan Yuni da Yuli ya cika titi, mota mai kwanciya a ƙasa irin wannan ba ta da abin yi a waje. A ƙarƙashin rumfa mai daɓen siminti take kwana, inda iska take wucewa, kuma ba na lulluɓe ta da leda, domin leda tana tara gumi ta mayar da aikin wata goma sha ɗaya baya. Bayan na kammala rajista da inshora da takardar shaidar lafiyar mota, lokacin fitarta ya zama ranar Lahadi bayan sallar asuba. A unguwa har yanzu wasu suna tambaya ko ta hawan gwamna ce ranar fareti, tun da a nan ne kawai suka saba ganin mota marar rufi.

Lahadin ƙarshe ta watan Disamban 2024 na ɗauki mahaifina. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, rabonsa da riƙe sitiyari ya fi shekara goma sha biyar. Na naɗe rufin, na gyara masa rawani saboda iska, muka bi ta Ikeja da Maryland muka sauka Oworonshoki, muka hau gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita goma sha biyu, hazo yana kwance a kan ruwa, masunta suna fitowa daga Makoko cikin kwalekwale. Tun da muka bar gida bai yi magana ba, ya dai karkata kansa wajen bonet, hannunsa ɗaya a kan dashbod. Sai da muka kusa gangarawa Obalende ya ce in sassauta in sa giya ta uku, in taka kaɗan, in saki. Na yi. Ya ce, «Giyarta lafiya, kuma wanda ya haɗa injin nan ya san aikinsa. Amma akwai tafet ɗaya da yake magana, daga can baya. Ka gaya wa mutumin Zariya ya duba shi da safe kafin a tayar da ita, tana da sanyi.»

Ni ban ji komai ba, amma ranar Asabar na tura ta garejin tun da dare domin ta kwana a can. Da gari ya waye Baba ya buɗe murfin kan injin, ya bi tafet ɗin guda takwas, wato ƙarafan da suke danna bawul, da ma'auninsa ɗaya bayan ɗaya, ya sami na bakwai ya buɗe fiye da ƙima, ya ɗaure shi, ya ce in gaida masa direba.